Hitar bututu mai gas a ɗakin kaji: tana aiki sosai, amma ba kowane rufi ke ɗaukarta ba

Duk mai kiwon kaji a Katsina ya san 'yan tsaki ba da rana suke mutuwa ba. Tsakanin ƙarfe uku na dare da kiran assalatu ake yin asarar, lokacin da gawayin kasko ya zama toka, barci ya sace yaron gona, iskar hunturu kuma ta sami kafa ta ƙasan tamfol. Gari na wayewa sai a tarar sun hau kan juna a kusurwa, na ƙasa sun riga sun tafi. A Disamba da Janairu sanyin asuba a nan da Daura yakan sauka ƙasa da digiri 15, alhali ɗan tsakon da ya sha doguwar hanya a kwali daga Ibadan ko Jos yana son shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta kai digiri 28 zuwa 32. Wannan giɓi shi ke sa mai babbar gona ya fara tunanin hitar bututu.

Wadda muke magana a kai ita ce matsakaiciyar, mai ƙarfin kilowat 30, wadda a takardun Amurka ake rubuta mata BTU 100,000, da miƙaƙƙen bututu mai tsawon mita 12. Kamfanoni da yawa na ƙera ta, Roberts Gordon da Detroit Radiant da Space-Ray a Amurka, Ambi-Rad a Ingila, Schwank a Jamus, kuma ginin duk kusan ɗaya ne. A ɗakin da ya dace da ita, ba mu ga abin ɗumama 'yan tsaki da ya kama ƙafarta ba. Sai dai irin wannan ɗaki bai da yawa cikin waɗanda muke ginawa, kuma kusan duk matsalar da za ta ba mutum nan gaba, ranar ɗaura ta ake shuka ta.

A gefe guda akwai akwatin wuta, girmansa kamar ƙaramin akwatin tafiya. A ciki akwai fanka, da bawul na gas, da abin kyasta wuta, da sandar da ke tabbatar wuta ta kama, da ƙaramin allon lantarki. Harshen wutar na shiga cikin bututun ƙarfe mai faɗin inci 4, wanda ake haɗawa guntu-guntu, kowane guntu mita 3. Fanka ta kora wutar da hayaƙinta har ƙarshen bututu su fice waje. Bututun idan ya ɗau zafi sai ya riƙa huro shi kamar yadda katangar da ta wuni a rana ke yi bayan magariba, rumfar alminiyam mai sheƙi da ke samansa kuma ta mayar da zafin ƙasa. Shimfiɗa da jikin kaji su ke fara ɗauka, daga baya su ɗumama iskar ɗakin. Shi ya sa ta dace da gininmu, inda rabin bango raga ce da tamfol: iska tana iya shigowa ta fita, ɗumin ƙasa yana nan. Babu garwashi a kan ɓuntu, babu wanda zai tashi ƙarfe biyu ya ƙara gawayi, hayaƙi kuma ba ya cikin ɗaki.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne zafin bututun ba ɗaya ba ne. Mita ukun farko da ke jikin akwati suna wuce digiri 500, can ƙarshe kuma abin yakan sauko wajen 150 zuwa 200. Don haka gefen akwati ake juyawa inda sanyi ya fi shigowa, wato wajen ƙofa ko ɓangaren arewa maso gabas da hunturu ke bugowa. Kuma kada a jera layin ruwa da farantan abinci daidai ƙarƙashin wannan guntu na farko. Ruwa zai yi ɗumi, tsaki su ƙi sha, su watse daga wurin da aka fi son su taru. A gusar da su mita ɗaya ko fiye zuwa gefe. Idan ɗakin gajere ne, akwai mai lanƙwasa, wadda bututunta ke tafiya ya dawo, sai gefe mai zafi da mai sanyi su haɗu su daidaita. Amma ita ta fi tara zafi wuri guda, tana son rufi mai tsawo.

Tazara daga abin da wuta ke ci

Nan ne gizo ke saƙa. Kowace hita tana zuwa da jadawali, a littafinta da kuma a manne jikin akwatin, mai nuna tazarar da za a bari sama da ƙasa da gefe da ƙarshe. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, a nan a ajiye ido a ɗauko tef. A irin wannan girma, jadawalin da yawa suna neman kamar santimita 15 zuwa 30 a sama, kusan mita ɗaya a kowane gefe, sannan mita 1.5 zuwa 2 a ƙasa. Na saman ya yi kaɗan ne saboda rumfa ta tare zafin. Idan aka cire rumfar, ko guntu ɗaya ya zame ya bar kafa, wannan lissafi ya rushe, katakon da ke sama ya shiga haɗari. Idan kuma aka karkata rumfar ta kalli gefe, wanda ake iya yi har digiri 45, tazarar gaban tana ƙaruwa sosai, kuma jadawalin yana da layi na daban don haka.

Ya kamata a fahimci abin da wannan tazara ke nufi, don mutane na ɗauka duk abin da ke bayan layin ya tsira. Ƙa'idar da masu ƙerawa a Amurka ke bi ita ce, a wannan nisa, abu ba zai ɗara zafin ɗaki da fiye da digiri 50 ba. To ɗakin 'yan tsaki yana kan 30. A haɗa, an kai 80. Katako zai jure wannan. Amma bututun ruwa na roba, da silin na roba, da tamfol, da ledar da ake zagaye ɗaki da ita, da wayar lantarki mai rigar roba, duk suna fara laushi ko lanƙwashewa a wannan zafi ko ƙasa da shi. Ga kayan roba, mu muna ganin a ƙara rabin mita a kan abin da jadawali ya ce, ko a canza masu hanya gaba ɗaya.

Katako ma akwai abin lura. Katakon rufin da ya kwana yana shan zafi dare bayan dare, shekara bayan shekara, yana bushewa ya yi baƙi a hankali, har ya kai inda zafin da bai isa ya kunna sabon katako ba zai kunna shi. Saboda haka shekara biyu lafiya ba hujja ba ce. A riƙa ɗaga kai ana duba katakon da ke saman guntun farko. Da zarar ya fara canza launi zuwa ruwan ƙasa, a sauke hitar ƙasa kaɗan ko a sa faifan ƙarfe tsakani, a bar masa kafar iska ta bayansa.

Yanzu a auna ɗakin da muka saba ginawa a bakin gari, ta hanyar Daura ko ta Batagarawa: bango zuwa gwiwa ko ƙugu, raga, kwano a kan katako, gefen rufi mita 2.4, tsakiya wataƙila mita 3 da 'yan kai. A cire tazarar sama, a cire tsawon sarƙa, a cire kaurin rumfa da bututu, sai ka ga bututun ya sauko wajen mita 2.3 daga ɓuntu. A takarda ya wuce tazarar gobara. A aikace kuwa, ƙasan guntun farko zai yi zafin da tsaki za su gudu, mai zuba abinci kuma zai ji ƙeyarsa na toyewa, buhun da ya ɗauko a ka ya shiga cikin tazarar haɗari. Ɗakin da tsakiyarsa bai kai mita 3.5 ba, ko dai a nemi hitar da aka ƙera musamman don ɗakin kaji mai gajeren rufi, ko mai ƙaramin ƙarfi, ko a haƙura. Da za a tambaye mu, mai gina sabon ɗaki ya ɗaga rufin tun daga tushe, ko ba don hita ba zai gode wa kansa a zafin Afrilu.

Bayan an ɗaura, a ja layi da fenti a bango daidai inda kaya ba za su wuce ba. Watanni kaɗan ake mantawa, a wayi gari an jibge buhunan ɓuntu ko kwalaye har kusa da bututu.

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta. Bututun mita 12 yakan ƙara tsawon santimita 4 zuwa 5 idan ya ɗau zafi, ya koma idan ya huce, kuma haka zai yi ta yi sau da yawa a dare ɗaya. Mai walda da bai san wannan ba zai ga kamar ya kyauta idan ya kafe ta da ƙarfe ƙam a jikin rufi. Sakamakon shi ne mahaɗai su saki, bututu ya lanƙwashe, ko walda ta tsage hayaƙi ya riƙa zuba cikin ɗaki. Da sarƙa ake rataye ta, kowace sarƙa aƙalla santimita 30 don ta sami lilo, marataya a kowane guntu, guntun farko ya sami biyu. A matse bakin kowace ƙugiya da filaya. Nauyin duka yakan kai kilo 70 zuwa 100, don haka a jikin babban ƙarfen rufi ko katako mai kauri za a ɗaure, ba a jikin siraran katakon da aka buga wa kwano ba. Guntayen ba a musanya su: na farko ƙarfensa daban ne, an yi shi don ya jure harshen wuta, kuma akwai alama a jikinsa. Idan aka sa na baya a gaba, zai ƙone ya huje. Layin waldar kowane guntu ƙasa yake kallo. Akwai kuma wani murɗaɗɗen faifan ƙarfe da ake zurawa a guntun ƙarshe don ya juya hayaƙi ya tatse sauran zafinsa. Masu haɗawa kan tsince shi a kwali su ajiye gefe don ba su san amfaninsa ba, alhali rashinsa na sa hayaƙi ya fita da zafi fiye da kima, gas ya tafi a banza.

Gas, da abin da tukunya ke iya bayarwa

Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da abin da ya kusa kilowat 14 na awa guda. Ke nan hitar kilowat 30 tana shan kilo 2.2 a kowace awa idan tana ci ba tsayawa. Tukunyar kilo 12.5 ta ɗakin girki ba za ta kai awa shida ba. Da yake tamostat, wato na'urar da ke jin zafin ɗaki, na kunnawa yana kashewa, a daren awa goma da ta yi rabinsa tana ci, a sa ran kilo 11. Mai gona ya ninka wannan da farashin kilo na ranar, ya ninka da mako biyu zuwa uku na raino, ya kwatanta da kuɗin gawayi haɗe da tsakin da yake kwashewa da safe. A kan tsaki 5,000 lissafin yana iya fita. A kan 500 ba zai taɓa fita ba.

Amma ba ƙarewa ce babbar matsalar ƙaramar tukunya ba. Gas a cikin tukunya ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya fito, kuma zafin da yake tafasa da shi daga jikin tukunyar yake zuƙa. Idan ana ja da ƙarfi, tukunyar na yin sanyi, raɓa ta lulluɓe gindinta, wani lokaci har ta yi farin ƙanƙara. Gas ɗin da ake sayarwa a ƙasar nan gauraye ne na butan da furofen. Furofen na tafasa tun daga digiri 42 ƙasa da sifili, shi kuwa butan yana kaiwa wajen sifili ya daina. Da asubar hunturu, daidai lokacin da ake buƙatar hita, tukunya mai yawan butan sai ta kasa, matsi ya faɗi, wuta ta mutu, a girgiza a ji gas na nan cike. Abin da wasu ke yi a nan, su tsoma tukunya a ruwan zafi ko su matso mata da garwashi, wasa ne da rai. Gyaran shi ne a haɗa manyan tukwane na kilo 50 a layi ɗaya don nauyin ya rabu, biyu suna aiki biyu suna jira, da abin sauya layi a tsakani. Gona mai hita fiye da biyu, tanki ya kamace ta, kuma wannan aikin masu lasisi ne, hukumar NMDPRA ce ke kula da harkar.

Tukwanen a waje za su zauna, a tsaye, a inuwa, a kan daɓe, an ɗaure su da sarƙa, nesa da janareta da kwata da duk wani rami. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, idan ya tsiyaye ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa ya taru a rami, kuma kashi 2 cikin ɗari a iska ya isa ya kama.

Sai matsi. Hitar Turai tana son milibar 37 a furofen ko wajen 29 a butan, ta Amurka tsakanin 27 da 35. Cikin tukunya kuwa matsin yakan haura milibar dubu biyu. Regileta mai murɗawa irin ta masu suyar awara da kifi, wadda ake ƙara wa wuta da hannu, tana iya lalata bawul ɗin hita a daƙiƙa guda. Regileta biyu ake sawa, ɗaya a bakin tukwane ta rage matsin, ɗaya kusa da ɗaki ta kawo shi daidai abin da aka rubuta a jikin akwati. Kuma a auna, kada a ƙiyasta. Ko babu na'ura, farar tiyo da aka lanƙwasa aka zuba ruwa ta isa: milibar 37 na ɗaga ruwa santimita 38. A auna tana kashe, a sake aunawa duk hitocin suna ci. Idan ya faɗi da yawa, bututun gas ya yi siriri ko regileta ta yi ƙarama.

Mai sayen ta hannu daga waje ya buɗe ido a kan abu ɗaya. Yawancin masana'antu a can da gas ɗin ƙasa da ake jawowa ta bututu suke aiki, wanda ramin nozul ɗinsa, wato ɗan bakin da gas ke fesowa, ya fi faɗi. A ba irin wannan hita gas ɗin tukunya, za ta ci wuta fiye da ƙarfinta, ta yi baƙin hayaƙi, guntun farko ya yi ja ya lalace, iska mai guba ta ƙaru. Sai an canza nozul an sake saita bawul da kayan da kamfanin ya tanada. Toshe rami da dalma a sake hudawa ba gyara ba ne.

Layin gas ƙarfe ne ko tagulla, ba tiyon roba ba. Kusa da hita a sa bawul na hannu da mutum zai iya kaiwa, da ɗan guntun bututu mai kallon ƙasa da zai tare datti, sannan tiyon ƙarfe mai lanƙwasa zuwa akwati, a bar shi da ciki kamar baka don ya bi motsin hitar. Idan aka ja shi ya miƙe, miƙewar nan ta santimita biyar za ta tsage shi wata rana. Kowane mahaɗi a shafa masa kumfar sabulu a tsaya a kalla. Ashana ba abin gwaji ba ce.

Wutar lantarkin da hitar take ci kaɗan ce, fanka ce da abin kyastawa, amma tana da tsirfa. Ta Amurka an yi ta ne don bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce da bugu 50. Taransifoma na gyara bolt, ba ta gyara bugu, sai fanka ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, iska ta gaza, hita ta ƙi tashi ko ta ci da hayaƙi. A nemi wadda aka rubuta wa 230 da 50 tun daga kamfani. Sannan akwai ciwon da ke wahalar da masu gyara: hita ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu, ta sake gwadawa, ta kulle kanta. Sau da yawa ba gas ba ne. Sandar da ke gane wuta tana aiki ne da ɗan ƙanƙanin lantarki da ke ratsa harshen wutar ya koma jikin ƙarfe, don haka sai da atin mai kyau, wato wayar da ke haɗa ƙarfen da ƙasa, kuma layif da nutural kowa a mazauninsa. Idan tana aiki da wutar gari amma ta ƙi a janareta, mai lantarki ya duba nutural ɗin janaretan, yawancin ƙananan ba a haɗa shi da atin ba. Ƙasarmu kuma a rani ta bushe ƙamas, sandar atin da aka kafa ɗan taƙi ba ta aikin komai. Idan wuta ta ɗauke, bawul na rufe kansa, babu haɗari, amma tsaki na cikin sanyi. Batir da inbata mai kyau, irin wanda fanka ba ta gurnani a kansa, sun isa su riƙe ta har safe, kuma muna ganin bai kamata a saye ta ba tare da su ba.

Wasu littattafan sun yarda a bar hayaƙin cikin gini idan akwai isasshiyar iska, ƙa'idar Turai ta ce a riƙa fitar da kubik mita 10 a awa kan kowane kilowat, wato 300 ga wannan. A ɗakin da aka naɗe da tamfol saboda hunturu, mu ba mu yarda da wannan ba. Kowane kilo na gas yana haifar da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi da iskar kabon, wato kabon dayoksaid, kilo uku. Kilo 11 na dare ɗaya ke nan kamar an watsa babban bokiti a ɓuntu, kuma jiƙaƙƙen ɓuntu shi ke kawo warin amoniya da kashin jini. A fitar da hayaƙi waje ta bututun ƙarfe, ya ɗan sunkuya zuwa waje don ruwa kada ya koma ciki, bakinsa ya yi nisan aƙalla mita 1.2 daga taga ko inda iska ke shiga, a zagaye inda ya ratsa da kwano don kada tamfol ya taɓa shi. Iskar da wuta za ta ci ma daga waje za a jawo ta da bututun inci 4, ta gefen da ba ya fuskantar hunturu. Iskar cikin ɗaki cike take da ƙurar abinci da gashi da amoniya, suna toshe fanka su ci ƙarfe. Duk da haka ba a like ɗaki ruf. Littattafan kiwon burola suna son kabon monoksaid ƙasa da kashi 10 cikin miliyan, amoniya ma haka, iskar kabon ƙasa da 3,000. A bar kafa ta sama, a rataye na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid, musamman inda yaron gona ke kwana kusa. Wannan iska ba ta da wari, ciwon kai da jiri ne kawai sallamarta.

A cikin akwati akwai wani ɗan makunni mai siririyar tiyo da ke jin ko fanka na tura iska. Idan bai ji ba, gas ba ya buɗewa. Ranar da ya hana hita tashi, wani zai ce a haɗa wayoyinsa kai tsaye a wuce wurin. Kada mai gona ya yarda ko tsaki na kuka. Makunnin yana faɗa ne cewa wani abu ya toshe, kuma shi kaɗai ke tsakanin ɗakin da bututu cike da gas.

Kunnawar farko a yi ta kwana biyu ko uku kafin motar tsaki ta iso, tamfol a ɗage, domin man da ke jikin sabon bututu zai ƙone ya yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci. A tsaya a saurari jerin: fanka ta tashi, ta ɗan jima tana share bututu, a ji kyastawa, bawul ya yi ƙas, wuta ta kama da ƙara mai laushi. Ta ɗan gilashin leƙawa harshen ya zama shuɗi tsayayye, ba ja mai lilo ba. A rufe gas tana ci a ga ko ta kashe kanta. Sannan a sauke tamfol a ɗumama ɗakin awa 24 cur, don ƙasa ba ta ɗaukar zafi da wuri. Kan tamostat a saukar da shi daidai tsayin tsako, a gefe, wajen tsakiyar tsawon bututu, a kare shi daga hasken bututun kai tsaye. Idan yana ƙarƙashin guntun farko zai kashe hita sauran ɗaki na sanyi, idan yana jikin tamfol ba za ta huta ba. A bi ɓuntu da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, taki-taki, a san taswirar ɗakin. Daga nan tsakin su ne malamai: idan sun bazu ko'ina suna ci suna 'yar tsuwa, an dace; idan sun bar fili a ƙarƙashin bututu sun manne da bango baki buɗe, zafi ya yi yawa; idan sun dunƙule, sanyi; idan duk sun koma gefe ɗaya, iska na shigowa ta wani wuri. Kowane mako a rage kamar digiri 3. Da yake rana a nan tana kai digiri 28 zuwa 30 ko a Janairu, hita mai mataki biyu, babbar wuta da ƙarama, ta fi dacewa da mu, ba ta yawan kunnawa da kashewa.

Ba a sa ta a ɗakin kwana ko falo, ba don gida aka yi ta ba. Ba a sa ta inda ake fesa fenti ko ajiye fetur, ko ɗakin niƙan abincin kaji da ƙurar masara ke tashi. A garejin gyaran mota ƙa'idar Amurka ta ce kada ta sauko ƙasa da mita 2.4, kuma a lissafa da motar da aka ɗaga ko doguwar da za ta shigo. Ranar wanke ɗaki da feshin magani a kashe ta, a rufe akwatin da leda, a tabbata an cire ledar kafin a kunna.

Wajen saye, tsaki 5,000 a kwanakin farko suna zama a fili kamar mita 12 da 12, kuma nan ne hita ɗaya irin wannan ta fi nuna kanta. Mai dubu ɗaya ko biyu, ƙananan hitocin gas masu kama da faifai sun fi masa sauƙi da araha. Kada a karɓi hitar da ba ta da littafi da jadawalin tazara, kuma a sayo abin kyastawa da sandar gane wuta da makunnin iska da allon lantarki na ajiya tare da ita, domin ba kayan da za a shiga babbar kasuwa da dare a samo ba ne. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta zauna a bakin ƙofa daga waje.

Daga Maris zuwa Nuwamba hitar za ta yi wata tara a rataye ba aiki, kuma a nan ne zanzaro ke samun gida. Yana gina ɗakinsa na laka a bakin bututun hayaƙi da cikin siririyar tiyon makunni, gizo-gizo ya yi saƙa a nozul, ɓera ya ci waya, ƙadangare ya shige bututu. Idan sanyi ya wuce a rufe gas daga tukwane, a toshe bakunan biyu da raga mai ƙananan ido. A farkon Nuwamba a buɗe, a hure bututu da fanka, a goge rumfa da tsumma mai laushi don ƙurar da ta kwanta tana cinye sheƙin da ke mayar da zafi, a goge sandar gane wuta, a bi mahaɗai da kumfa, a ja kowace sarƙa da hannu, sannan a kashe fitila da dare a kunna hitar a bi bututun da ido daga akwati zuwa ƙarshe, ko akwai inda haske ke leƙowa.